Ƙarfen Tokara Tsakanin Shakazoba Biyu: Darasin Kimiyya Daga Rumfar Mai Walda

A garejojin Fagge da Sabon Gari a Kano, ba abin mamaki ba ne mai mota ya nemi a ƙera masa wani abu maimakon ya sayo. Kanikawa da masu walda suna maƙwabtaka da juna, shagunan kayan mota suna kusa, ƙarfe kuwa sai wanda mutum ya zaɓa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Daga cikin abubuwan da za a iya ƙerawa ta haka akwai wata sandar ƙarfe da ake gittawa a saman inji, ta haɗa kan shakazoba na dama da na hagu. A wannan darasi za mu kira ta ƙarfen tokara. Aikinta ba shi da wuyar fahimta, amma yana ɗauke da wata ƙa'ida da ta saɓa wa tunanin yawancin mutane: ƙarfin sandar ya fi dogara ga siffarta, ba ga nauyinta ba.

Me ya sa ake buƙatarta?

Babbar mota irin ta ɗaukar kaya tana da shasi, wato manyan ƙarafa biyu da aka ɗora bodi a kansu. Ƙananan motocin zamani ba haka suke ba. Jikin motar ne kansa, wanda aka haɗa da fallayen ƙarfe marasa kauri, yake ɗaukar nauyin kome. A gaban irin waɗannan motoci akan yi amfani da tsarin da wani injiniyan Amurka, Earle MacPherson, ya ƙirƙiro, wanda ya bayyana a motocin Ford Consul da Zephyr da aka nuna a Ingila a 1950. A wannan tsari sifirin da shakazoba suna haɗe a sanda guda. Ƙasanta yana riƙe da taya, samanta kuma yana ɗaure a wani tudu na jikin motar, ɗaya a kowane gefen inji. Wannan tudu shi ne gidan shakazoba. Peugeot 504, wadda kamfanin Peugeot ya riƙa harhaɗawa a masana'antarsa ta Kaduna da aka buɗe a 1975, tana da wannan tsari, haka ma Toyota Corolla da Volkswagen Golf.

Idan mota ta shiga shataletale da gudu, ko ta faɗa rami, titi yakan tura tayar gefe, turin kuma ya hau ta sandar har gidan shakazoba. To, ɗakin inji kamar kwali ne da aka cire wa murfi: yana da ƙasa da gefuna, samansa a buɗe. Saboda haka gidan shakazoban yakan ɗan goce. Gocewar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ganinta, amma takan sauya yadda taya ta zauna a kan kwalta. Ƙarfen tokara yana rufe bakin kwalin, don gefen da aka tura ya sami taimakon ɗan'uwansa.

Lissafin da ke cikin sandar

Ɗaliban kimiyya sun san dokar Robert Hooke, wadda ya wallafa a 1678: gwargwadon ƙarfin da aka ja abu da shi, gwargwadon miƙewarsa, muddin ba a wuce iyakarsa ba. Bari mu ɗauki bututun ƙarfe mai tsawon mita 1, faɗin bakinsa milimita 25, kaurin jikinsa milimita 2. Nauyinsa kimanin kilo 1.1 ne. Idan aka danna shi ta tsawonsa da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 200, zai taƙure da kimanin milimita 0.07 kacal, wato kusan kaurin silin gashi. Ashe ke nan ba a buƙatar ƙaton ƙarfe.

Sai dai abin da aka danna ta tsawonsa yana da wata hanyar gazawa. Mai karatu ya tsayar da tsinken tsintsiya ya danna shi da yatsa: ba ya murƙushewa, lanƙwashewa yake yi gefe. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan a 1744. Ya nuna cewa idan aka ninka tsawon sanda sau biyu, nauyin da za ta iya jurewa kafin ta lanƙwashe zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Juriyar kuma ta dogara ga nisan naman ƙarfen daga tsakiyar sandar. Nan ne bututu ya yi wa rodi fintinkau. In aka narkar da bututunmu aka mayar da shi rodi mai tsawo ɗaya da nauyi ɗaya, kaurinsa zai zama kimanin milimita 13.6. Bisa lissafin Euler, rodin zai lanƙwashe da nauyin kilo 330 ko kusa da haka, alhali bututun sai an kai wajen kilo 1,900. Ƙarfe ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, amma juriya ta ninka kusan sau shida. Karan gero da gora da ƙashin cinyar ɗan Adam duk a kan wannan hikima aka halicce su, ƙarfinsu yana a bayansu, cikinsu ba shi da nauyi.

Babban abin da ke lalata aikin shi ne lanƙwasa sandar da gangan. Sau da yawa inji ko tukunyar iska sukan tare hanya, sai mai walda ya tanƙwara bututun ya haye su. Idan bututunmu ya kauce wa miƙaƙƙen layi da santimita 5 a yawancin tsawonsa, wancan nauyi na kilo 200 zai matse shi da kusan milimita 2, maimakon 0.07. Taurinsa ya ragu wajen sau talatin ke nan, domin ya daina aiki a matsayin tokara, ya koma baka. A ganina, sandar da aka yi wa irin wannan doro ado ce kawai, ko da an shafe ta da jan fenti. In babu makawa sai an kauce, gara a ɗaga kunnuwan da ke riƙe da sandar kaɗan, a bar ita kanta a miƙe.

Yadda ake ƙera ta

Da farko a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyinta a ƙasa. A buɗe bonet a dubi kan gidan shakazoba. A motoci da yawa, kamar Corolla, za a ga notuna uku a kewaye, da babban noti ɗaya a tsakiya. Na kewayen su ne abin aikinmu. Na tsakiya kada a kuskura a taɓa shi, domin shi ke riƙe da sifirin da aka matse, kuma sifirin da ya kuɓuce yana iya karya hannu ko ya fasa fuska. Golf 3 ba ta da notunan kewaye, don haka sai an huda jikin motar, aikin da bai dace da ɗan koyo ba.

A ɗora kwali a kan gidan, a zana wurin ƙusoshin, a yanka shi kamar zobe. Da wannan samfuri za a yanko zobba biyu daga fallen ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4, a huda su. Idan fallen ya fi haka kauri, noti ba zai sami isasshen zare ba, kuma wannan haɗari ne, tunda notunan nan su ke riƙe da ƙafar motar. A ɗaura zobban, a auna tazarar da ke tsakaninsu, a yanka bututu. Kafin walda a manna curin yumɓu a kan bututun a rufe bonet a hankali. Yadda yumɓun ya baje zai nuna sararin da ya rage. A tuna kuma inji yana jijjiga a kan kujerunsa, don haka a bar masa fili.

A sa alama, a kwance kome, a yi waldar a kan benci nesa da motar, saboda bututun fetur da wayoyin lantarki da ke ɗakin inji. Zafin walda yakan ja ƙarfe ya murɗe, shi ya sa ake fara ɗiga walda a wurare kaɗan, a gwada a jikin mota, sannan a kammala. Sandar da sai an danne ta da ƙarfi kafin ta shiga za ta riƙa jan gidajen shakazoban tun motar tana tsaye. A guji bututun ruwa mai rufin tutiya, domin hayaƙinsa yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Tabarau na rana kuma ba ya maye gurbin garkuwar walda, ko da yake an saba ganinsa a fuskar yaran shago.

Abin da ba za ta iya ba

Direban da ke tafiya a hankali daga Fagge zuwa Bata da wuya ya ji wani bambanci. An fi jin amfaninta a tsohuwar motar da jikinta ya saki, ko wajen shan kwana da sauri. Ba ta gyara shakazoba da ya mutu, ba ta maganin gidan da tsatsa ta ci ko ya tsage. Wannan sai mai gyaran bodi. Idan kuma aka bugi motar ta gefe ɗaya, sandar tana iya kai ɓarnar ɗaya gefen. Bugu da ƙari, sanda guda tana mayar da ɗakin inji mai kusurwa huɗu ne, irin wannan siffa kuwa tana iya karkacewa gaba ɗayanta. Alwatika ce ba ta karkacewa, shi ya sa wasu maƙera suke ƙara sanduna biyu zuwa bangon da ya raba inji da mazaunin direba.

Aikin aji

Malami zai iya nuna duk wannan ba tare da mota ba. A samo kwalin taliya marar murfi, ɗalibai su matse gefunansa biyu. A gitta karan dawa a bakinsa su sake matsawa. Sannan a maye gurbin karan da waya mai doro, daga baya a ƙara kara biyu su yi alwatika, su rubuta abin da suka lura a kowane mataki. Tambayar gida: idan bututun da muka yi misali da shi yana lanƙwashewa da kilo 1,900 a tsawon mita 1, nawa zai jure in tsawonsa ya zama mita 1.2?