Shawarwari Kan Adana Rumbun Bayanan Gida da Dawo da Shi

Idan kwamfutar gidanka ce ke riƙe da lissafin shago, ko sunayen 'yan adashi, ko rajistar ɗaliban Islamiyya, a kawo wuta da ƙarfi sau ɗaya ya isa ya cinye aikin shekaru. Ga abin da ya kamata ka yi tun kafin ranar.

1. Fara sanin irin rumbun da kake da shi. Na Access da na SQLite fayil ɗaya ne, amma rufe manhajar kafin ka kwafa, domin kwafin da aka ɗauka ana cikin rubutu yakan fito a lalace. Na MySQL kuwa, fitar da shi da mysqldump, na PostgreSQL da pg_dump.

2. Ajiye kwafi uku: ɗaya a kwamfutar, ɗaya a filas, ɗaya a wajen gida. Gobara ko ɓarawo ba sa barin filas ɗin da ke kan tebur. Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta.

3. Zare filas da zarar ka gama. Cutar kwamfuta mai garkuwa da fayiloli takan kulle duk abin da ta tarar a jone.

4. Sa kwanan wata a sunan kowane kwafi, kuma kada sabo ya hau kan tsoho.

5. Gwada dawo da kwafin. Wannan ita ce shawarar da ta fi damuna, don nan aka fi sakaci. A 1998, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka. Da aka je ga ajiyar, ashe ta daɗe ba ta aiki daidai. Abin da ya cece su kwafin da ke kwamfutar gidan Galyn Susman ne, ma'aikaciyar da ke aiki daga gida bayan ta haihu. Saboda haka, ko sau ɗaya a wata, buɗe sabon rumbu fanko, zuba kwafin a ciki, ka nemo cinikin ƙarshe da ka shigar da hannunka. In ka gan shi, hankalinka ya kwanta.

6. Ranar da abin ya faru, kada ka yi gaggawa. Kwafe lalataccen rumbun a gefe tukuna, don sau da yawa shigarwar jiya da ta yau suna cikinsa, sannan ka dawo da na ajiya.