Darasi a Kan Aikatau "Grow": Girma Daban, Raino Daban

'Yan'uwa, duk wanda ya zauna a Washington da kewayenta ya sha jin tambayar nan a wurin aiki: "Where did you grow up?" Ba asibitin da aka haife ka ake tambaya ba. Garin da ka tashi ake son sani, amsar kuwa ita ce: "I grew up in Zaria."

Aikatau ɗin yana da siffofi uku: "grow", "grew" da "grown". Ba a cewa "growed".

Ma'anarsa ta farko ita ce abu ya girma da kansa. A shekarar 1912 birnin Tokiyo ya ba Washington kyautar itatuwan ceri sama da 3,000, aka dasa na farko a bakin Tidal Basin ranar 27 ga Maris. Mai bayanin yadda suka girma zai ce: "The trees grew."

Ta biyu ita ce nomawa. "We grow millet" na nufin muna noman gero. Haka ma "grow a beard", wato tsayar da gemu.

Ta uku ita ce sauyawa sannu a hankali: "grow old" shi ne tsufa, "grow tired" kuma gajiya ta fara kama mutum.

Sai dai akwai inda ake tuntuɓe. A taron iyaye na makarantar ɗana na taɓa cewa "we grow our children", sai malamar ta yi murmushi ta gyara mini. A Turanci ba a noman yara. Raino da tarbiyya su ne "raise" ko "bring up". Yaro ne ke "grow up", iyaye kuma su ke "raise". A kula kuma, "Grow up!" tsawatarwa ce, ma'anarta ka daina yarinta. Faɗa wa abokin aiki haka na iya jawo ɓacin rai.

Wata rana za a yi wa 'ya'yanmu wannan tambaya, su ce Silver Spring ko Alexandria. Girman jiki zai zo ko muna barci. Amma Hausar da za su iya da ladabin da za su tashi da shi suna cikin "raise", kuma wannan nauyi a wuyanmu yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin gida: a rubuta jimla uku da "grow", ɗaya da "raise", a karanta wa yaran su gyara.