Idan Rumbun Bayanai Ya Fara Jan Ƙafa Daga Nesa

Da zarar manhajar ajiye bayanai ta yi nauyi a reshen ofis, sai ka ga an ruga a ƙara kuɗin data. Sau da yawa ba nan matsalar take ba. Kai-komo tsakanin kwamfutar reshen da sabar da ke riƙe da bayanan ne ke cinye lokaci. Manhaja irin Microsoft Access tana aika ƙananan buƙatu barkatai, kowace sai ta jira amsa. A cikin ofishin da sabar take, jiran bai kai milisakan 1 ba. Ta VPN kuwa, idan ya kai 100, buƙatu 1,000 sun haura minti ɗaya da rabi.

Fara da gwada ping zuwa sabar, ka ga tsawon jiran.

Don Allah kada ka buɗe fayil ɗin Access kai tsaye daga nesa. Layi na yankewa ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa. Ka shiga ta Remote Desktop, aikin ya gudana kusa da bayanan. In aiki ya girma, a mayar da bayanan zuwa SQL Server ko PostgreSQL, a sa fihirisa a ginshiƙan da ake yawan bincike, kuma fom ya daina jawo dukan tebur idan mutum ɗaya ake nema.