Kafin ka taɓa waya da safe

Ka durƙusa addu'a, bakinka na ambaton Ubangiji, amma zuciyarka tana can kasuwa, tana lissafin kuɗin makarantar yara da bashin da ake bin ka. Wannan bai nuna bangaskiyarka ta gaza ba. Tunani ne ya yi maka yawa.

Ajiye takarda da biro kusa da Littafi Mai Tsarki. Duk damuwar da ta faɗo maka ana cikin addu'a, rubuta ta a layi ɗaya, ka miƙa wa Allah, ka ci gaba. Ƙwaƙwalwa takan yi ta nanata abin da take tsoron mantawa, amma da zarar ya hau takarda sai ta sake shi. Bayan ka ce amin, duba jerin. Abin da ke hannunka, sa masa rana. Wanda ya fi ƙarfinka kuwa, mai da shi roƙo tare da godiya, kamar yadda Bulus ya gargaɗi Filibiyawa a sura ta 4.

Sai batun waya. Markus 1:35-37 ya nuna Yesu ya fita tun da sauran duhu zuwa inda babu kowa domin addu'a, alhali jama'a na nemansa. Mu kuwa ko fuska ba mu wanke ba mun shiga WhatsApp, har da rukunin coci, wanda sau da yawa ya fi kowanne surutu. Bar wayar a wani ɗaki sai ka gama.

Kada kuma ka ɗora wa kanka surori goma a zama ɗaya. Zabura guda, da murya, sannu a hankali, ta isa. Ɗan'uwa, gwada gobe da asuba.