Bin Diddigin Salsalar Katsinawa: Matsalar Suna a Kundaye da Zanguna da Kaburburan Yaƙi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da Bakatsine zai bi ya gano kakanninsa da suka rayu daga jihadin 1804 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ta nuna cewa babbar matsalar mai wannan bincike ita ce yadda sunan Bahaushe ke sauyawa duk lokacin da ya shiga wani kundi ko ya tsallaka wata iyaka, har ta kai mutum guda ya bayyana a matsayin mutum uku, ko a ɗauki mutum uku a matsayin guda.

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai, bin salsala aiki ne da ke da shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ƙasar Hungari misali ce mai kyau. Tun bayan taron malaman cocin Katolika na Tarento da aka kammala a 1563, an wajabta wa limaman coci rubuta sunan duk jaririn da aka yi wa baftisma da duk waɗanda aka ɗaura wa aure. Daga 1895 gwamnati ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a hannunta. Wanda kakansa ya yi ƙaura zuwa Amurka kafin 1914, cikin mutum fiye da miliyan ɗaya da suka bar ƙasar, zai iya samun sunansa a takardun jiragen ruwa da suka sauke fasinja a Tsibirin Ellis. Duk da haka su ma suna da tasu wahalar. Yarjejeniyar Tiriyanon ta 1920 ta yanke wa ƙasar kusan kashi biyu cikin uku na faɗinta, don haka kundin ƙauyen kakan mutum yana iya kasancewa a Romaniya ko Sulobakiya a yau, sunan kakan kuma an rubuta shi János a wannan shafi, Johannes a wancan.

Bakatsine ba shi da kundin baftisma. Ranar suna liman yakan raɗa wa jariri suna, a yanka rago, a raba goro, shaidu su watse. Ba a rubuta komai. Dokar da ta tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya sai a 1979 aka fara kafa ta. Wannan ya sa wasu ɗalibai ke zaton cewa babu abin dogaro sai tarihin baka. Zaton bai yi daidai ba. Rubutattun shaidu suna nan, sai dai ba domin salsala aka rubuta su ba, kuma kowanne da irin sunan da yake kiran mutum da shi.

2.0 Abin da Ke Cikin Birni

Gidajen malamai su ne suka fi kowa sa'a. Al'adar masu kwafar littattafai ce su rufe aikinsu da ambaton sunansu da na mahaifinsu, wani lokaci har da na kakansu da na wanda aka kwafa wa littafin. Takardun ijaza kuma suna jero malami da malamin malaminsa. A nan sai an yi hattara, domin silsilar ilimi daban, silsilar jini daban, amma a bakin zuriya sukan gauraya, malamin kaka ya koma kaka. Abin da ya fi amfani a irin waɗannan rubuce-rubuce shi ne nisba. Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667, ana rubuta shi da al-Barnawi al-Kashinawi, wato asalinsa Barno, mazauninsa Katsina. Kalmomi biyu sun adana labarin ƙaura sukutum. Haka kuma Muhammad al-Kashinawi al-Fulani, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1741 a gidan Hasan al-Jabarti: mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito ne daga littafin tarihin da ɗan mai masaukinsa, Abdurrahman al-Jabarti, ya wallafa a Masar. Tun a wancan ƙarni ke nan labarin Bakatsinen da ya yi nisa a wajen baƙi ake samunsa.

Ga talaka kuwa, kundin farko shi ne sunan unguwarsu. Masanawa da Marina da Gambarawa da Albaba da Rafindadi ba alamun wuri ba ne kurum. Da yawa daga unguwannin birni suna ɗauke da sunan sana'a ko zuriya ko ƙasar da mazaunan farko suka fito. Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Katsina a 1851 da 1853, ya bar jerin sunayen unguwannin birnin, kuma gwama jerinsa da sunayen yau kan nuna waɗanda suka ɗore da waɗanda suka ɓace. Yusufu Bala Usman, a nazarinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya dogara ƙwarai da irin wannan shaida tare da hirarraki da dattawa.

Daga zuwan Turawa a 1903 takardu suka yawaita: kundayen haraji da jangali, rahotannin ƙiyasin gundumomi, da kundayen kotun alƙali. A ganina kundin rabon gado ya fi duka daraja, domin shi kaɗai ne shari'a ta tilasta wa ya ambaci matan aure da 'ya'ya mata da sunayensu, alhali kundin haraji maigida ya sani. Sai dai mai nema a Taskar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ya san cewa Katsina ba ta zama lardi mai cin gashin kansa ba sai a 1934. Kafin nan tana ƙarƙashin Lardin Kano har 1926, sannan Lardin Zariya. Wanda ya tsaya ga fayilolin Lardin Katsina kaɗai zai koma gida yana cewa babu komai game da zamanin farko na Sarki Muhammadu Dikko, alhali takardun suna wani ɗaki.

Akwai kuma kundin da ba kowane gida ke son a buɗe ba, wato rajistar 'yanta bayi da takardun fansa da kotuna suka riƙa bayarwa har zuwa 1936 lokacin da aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Idan dattijo ya kai kan kaka na uku ya yi shiru, ba lallai mantuwa ce ba. Mai bincike ya sani cewa abin da zai wallafa yana iya shafar neman auren wani ko neman sarautar wani.

3.0 Waɗanda Suka Fita

Ƙaura mafi girma da ta raba Katsinawa ita ce ta bayan faɗuwar birni a hannun masu jihadi a 1807. Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, ragowar gidan sarauta da mabiyansu suka yi arewa, daga bisani Ɗankasawa ya kafa mazauninsu a Maraɗi, inda har yau sarkin ke amsa sunan Sarkin Katsina. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta mayar da wannan rabuwa ta zama ta ƙasa da ƙasa. Sakamakon haka, rabin labarin wasu zuriyoyi yana cikin Faransanci, musamman a bayanan da Landeroin ya tattara daga bakin dattawa lokacin aikin iyakar ƙarƙashin Tilho. A can an rubuta Katséna. Clapperton a 1824 Kashna ya rubuta. Turawan Ingila na farko kuma Katsena. Mai laluben kundin da aka ɗora a intanet, idan bai gwada duk waɗannan ba, na'ura za ta ce masa babu.

Fatauci ya kai wasu kudu maso yamma, hanyar Gwanja. Paul Lovejoy ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro a ƙarni na 19, kuma waɗannan sunaye kansu asali ne da aka gina a hanya. A Ankara ta ƙasar Gana, Malam Naino wanda ya jagoranci zangon Hausawa na farko Bakatsine ne, ɗansa Malam Baƙo kuma shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta zartar a 1969 ta dawo da dubban jikokin fatake garuruwan da ba su taɓa gani ba, wasu da sabon laƙabi na Ɗangwanja. Ta gabas kuma, bayan yaƙin Burmi na Yuli 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira har Sudan, ga kuma alhazan ƙafa da suka zauna a hanya ba su dawo ba. A can an haɗa kowa da kowa an kira su Fallata ko Takari, sunan gari ya nutse.

Abin lura a nan shi ne, mutum ba ya zama wane Katsina sai ya bar Katsina. A gida shi Audu ne na gidan wane, ko Tanko, ko Ɗanjuma, ko wani suna na alkunya da uwa ta laƙaba masa don ba ta iya faɗin sunan yankansa. Zango ne ke ba shi sunan gari, kamar yadda makarantar boko ta yi daga baya. Sardaunan Sakkwato da kansa Ahmadu Rabah ake kiransa a Kwalejin Katsina.

4.0 Kaburburan Yaƙi

A nan matsalar ta fi tsanani. Rundunar sojan Afirka ta Yamma ta Turawan Ingila ta ɗebi 'yan Arewa masu yawa, har Hausa ta zama harshen bariki. Sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan a Afirka ta Gabas. A Yaƙin Hitila kuma an kai su Somaliya da Habasha a 1941, kana runduna ta 81 da ta 82 da aka kafa a 1943 suka tafi Bama, suka yi gumurzu a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit a 1944. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya je har can ya gana da su a farkon mulkinsa.

Malamin da ke ɗaukar soja yakan rubuta sunan mutum, ya bi shi da sunan gari, ya ba shi lamba. Wanda ya faɗi a daji ba a san kabarinsa ba, sunansa yana kan Dutsen Tunawa na Rangun da ke maƙabartar Taukkyan a arewacin birnin Yangon, tare da kusan mutum 27,000 na ƙasashe dabam-dabam. Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, ta ɗora waɗannan sunaye a intanet kyauta, da lamba da bataliya da ranar mutuwa. To amma suna irin Audu Katsina me yake nufi? Audu dai Abdullahi ne, kamar yadda Mamman Muhammadu ne, Garba da Habu Abubakar, Iro Ibrahim, Mani Usman. Katsina kuwa tana iya zama birni, ko wani ƙauye a ƙasar Katsina da Bature bai san shi ba, ko garin da aka ɗauki mutumin. Tana iya zama ma Maraɗi ko Tasawa, domin talakawan Faransa sun riƙa tsallako iyaka suna shiga soja a nan, kuma Bamaraɗen da ya ce shi Bakatsine ne bai yi ƙarya ba. Akwai kuma wanda ya gudo daga gida ko daga ubangiji, ya ba da sunan da ba nasa ba da gangan.

Saboda haka suna shi kaɗai ba hujja ba ne. Lambar soja ita ce abin riƙo. Takan fito a takardar sallama, da littafin fansho, da gefen wasu lambobin yabo, da wasiƙun da aka aiko gida. Idan gida ya adana ɗaya daga cikin waɗannan a cikin adaka, an sami bakin zare. Idan babu, sai a gwama ranar mutuwa da ke kundi da lissafin gida, wanda yawanci da sarauta ko annoba ake yinsa: an haife shi shekarar yunwar Ƙaƙalaba ta 1914, ko labarin rasuwarsa ya iso bayan naɗin Nagogo. Shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, su ma wurin dubawa ne ga labaran shekarun yaƙin.

Game da Yaƙin Duniya na Ɗaya, sau da yawa ko sunan ma babu. Rahoton da hukumar kaburburan ta fitar a Afrilun 2021 ya amsa cewa tsakanin mutum 45,000 da 54,000, akasarinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a karrama su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Rahoton ya kawo ra'ayin Gwamna Guggisberg na Gwalkwas a 1923, cewa ɗan Afirka ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Sakataren tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa.

Wani zai iya cewa ai Bahaushe Musulmi dama ba ya rubuta suna a kabari; tsinke ko fasasshiyar tukunya ake kafawa, bayan 'yan shekaru wuri ya baje. Gaskiya ne, ko a Katsina kaburburan da aka san masu su tun ƙarnoni ba su wuce na waliyyai irin su Ɗanmarina da Ɗanmasani da Ɗantakum da na wasu sarakuna ba. Amma wannan hujja ba ta wanke hukumar ba. Wanda aka binne a maƙabartar garinsu, danginsa sun yi masa wanka da salla, matarsa ta yi takaba, alƙali ya raba gadonsa, wato mutuwarsa ta tabbata a gaban shaidu. Ɗan dakon da ya mutu a dajin Tanganyika a 1917 bai sami ko ɗaya ba. A fiƙihun Malikiyya hukuncinsa na wanda ya ɓace ne, matarsa sai ta kai ƙara gaban alƙali ta jira wa'adi kafin ta yi wani aure, gadonsa kuma a dakatar da shi. Irin waɗannan ƙararraki, idan an bi kundayen kotunan alƙalai na ƙasar Katsina daga 1916 zuwa 1925 da kuma daga 1943 zuwa 1950, nan ne za a iya samun sunan yankan sojan da sunan mahaifinsa da unguwarsu, abubuwa ukun da malamin bariki bai rubuta ba.