Darasin Kimiyya: Yadda Ake Auna Iskar Oksijin a Jini ta Ɗan Yatsa

Ɗalibai, kowa ya kunna tocilan wayarsa ya ɗora yatsa a kai. Kun ga ya yi jawur? Haske ne ya ratsa tsoka, jini ya shanye wani ɓangare, ja ya wuce. A kan wannan aka gina 'yar na'urar da ma'aikatan jinya ke maƙala wa majiyyaci a yatsa, kamar yadda za ku gani a Babban Asibitin Ajeromi da ke Ajegunle ko na Orile Agege a nan Legas.

Mu fara da jinin. A cikin jajayen ƙwayoyinsa akwai sinadarin himogulobin, shi ne ke ɗauko oksijin daga huhu ya raba wa jiki. In yana ɗauke da iskar, jini ja ne mai haske. In ya sauke ta sai ya yi duhu, irin wanda kuke gani a sirinji idan an ɗebi jini a hannu. Launin nan na'urar ke karantawa.

Fitilu biyu ne a gefe guda na na'urar. Ɗaya ja, tsawon zangon haskenta nanomita 660, ɗayar kuwa 940, ido ba ya ganin nata. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye na biyun, wanda ya rasa ya fi shanye jan. A ɗaya gefen akwai abin da ke auna hasken da ya fito.

To, ai fata da ƙashi da farce ma suna shan haske? Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya warware wannan a 1972. Duk bugun zuciya jijiya na kumbura da sabon jini, ƙashi da fata kuwa ba sa canzawa. Sai na'urar ta ɗauki abin da ke hawa da sauka kaɗai. Mai lafiya yakan nuna oksijin 95 zuwa 100 cikin ɗari. Yaro mai ciwon nimoniya da ya yi ƙasa da 90, a sa masa oksijin.

Amma tana kuskure. Sanyin hannu, motsi, jan farce da baƙin lalle duk suna iya rikita ta. Wani bincike na Jami'ar Mishigan a Amurka a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata. Wannan mu ya shafa.

Abin da ya fi damuna a Legas shi ne hayaƙin janareta. Ɗakuna a matse, a kunna inji a baranda a rufe taga. Gubar kabon monoksaid da ke hayaƙin tana kama himogulobin fiye da oksijin sau sama da 200, kuma jinin ya ci gaba da zama ja mai haske, na'urar ta ɗauka lafiya lau. Wanda ya kwana kusa da janareta ya tashi da ciwon kai, jiri ko amai, ku fito da shi sarari, ku garzaya asibiti, ku gaya wa likita hayaƙi ya shaƙa, ko da na'urar ta nuna 98.