Ɗan Jiran Kira: Bin Sawun Ɓoyayyen Saƙo

Idan falke daga Sule Tankarkar ya sayar da raguna a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, aka biya shi ta na'urar POS, bayanan katin mai saye ba sa tafiya banki a fili. Wani rumbun umarnin kwamfuta ne ke sarƙe su, don kada ɓarawo ya karanta. Cikin irin waɗannan rumbuna, OpenSSL, wanda aka fara a 1998, ya yi fice.

To, idan saƙo ya maƙale, ina injiniya zai duba? A nan ne ɗan jiran kira ke da rana. Wani guntun umarni ne da injiniya ke rubutawa, ya damƙa wa rumbun. Ba ya motsi sai an kira shi. Duk sa'ad da za a karɓi bayani ko a aika, rumbun kan kira shi sau biyu, wato kafin aikin da bayansa, shi kuwa ya rubuta abin da ya gudana. Tamkar malamin ƙofar kara yake, mai ƙirga dabbobin da suka shiga da waɗanda suka fita. Alal misali, in an nemi aika haruffa 500 amma 200 suka wuce, an gano inda gizo ke saƙa.

Sai dai in aka ɗora shi inda saƙo bai riga ya sarƙe ba, yana iya tona asirin jama'a. Saboda haka wajibi ne a cire shi da zarar an kammala gyara.